Bencin Gaba Kusa da Taga

Talata, 7 ga Mayu 1991, bayan la'asar

Yau an yi baƙuwa a ajinmu. Sunanta Malama Sauda, daga jami'a a Kano ta zo, wai bincike take yi a kan yadda ɗalibai suke koyo. Doguwa ce mai farin gilashi, ba ta ɗaga murya ko kaɗan. Da ta shigo sai na ga kamar an zaro ta daga littafin soyayyar da Khadijatu 'yar ajinmu ta ara mini, wanda jarumar ciki likita ce. Na kasa haɗa ido da ita, takalminta na yi ta kallo.

Ta zo da ƙwarya rufe da faifai, gyaɗa da wake a haɗe a ciki. Kowacce ta rufe ido ta ɗauki ƙwaya ɗaya. Sai da muka gama sannan ta yi bayani. Duk Talata za mu rubuta mata insha'i. Masu gyaɗa za ta ba su maki bisa goma kamar yadda aka saba. Masu wake kuwa babu maki, sai dai ta rubuta musu magana a ƙasan takarda. Tana so ta ga waɗanne za su fi ƙaruwa. Ta ce ba wai wasu sun fi wasu ba ne, sa'a ce kawai.

Wake na ɗauka. Baraka gyaɗa.

A hanyar gida Baraka ta cinye tata, ta ce, "Adda Jamila, kawo naki in dafa miki." Muka yi ta dariya. Tun da mahaifinta Baffa Jibo ya kawo ta daga Ruwan Bago ya damƙa wa Baba saboda makaranta, ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya, kuma ba ta taɓa kiran sunana kai tsaye ba, sai ta haɗa da Adda, wato yaya a bakinsu na Fulani, ko da yake da kaɗan na girme ta.

Na rubuta wa Malama Sauda insha'i a kan lambun furanni. Na san zai burge ta.

Juma'a, 10 ga Mayu, kafin azahar



Duk Juma'a Malam Mijinyawa, malamin ajinmu, yakan tsaya ya kira makin insha'i daga sama zuwa ƙasa, kowa ta koma bencin da makinta ya ba ta. Ta ɗaya ita ce a bencin gaba kusa da taga, ta biyu a gefenta. Tun shigowata makarantar nan wurin tagar nan nawa ne. Na san tsagin katakonsa, na san reshen darbejiyar da yake leƙowa.

Yau ya buɗe takardun da Malama ta aiko, ya kira masu gyaɗa. Baraka Jibo, takwas, ita ce a sama. Da ya zo kanmu sai ya juya takarduna gaba da baya, ya ce, "To ku masu wake, ina zan kai ku? Ba ku da ko sifili. Ku koma baya kafin Allah ya kawo muku maki."

Na kwashe littattafaina. Baraka ta tsaya a kaina tana jira in fita, tana cewa a hankali, "Adda, yi haƙuri, ajiye miki zan yi." Na ce ba komai.

Ba komai ɗin ne. Ai ba ta ci ni ba, ba a auna ni ba ne kawai.

Juma'a dai, bayan la'asar

Ga abin da Malama ta rubuta mini da jan biro: "Hausarki tana da daɗi. Amma a ina kika ga lambun nan a Ƙaraye? Rubuta mini abin da idonki ya gani."

Na karanta shi har na haddace. Layin farko na so, sauran ban so ba.

Asabar, 11 ga Mayu, da hantsi

Goggo Maiturare, yayar Baba da ke gidanmu, ba ta iya karatun boko ba, amma ta san lamba. Duk mako takan ce, "Ke 'yar nan, nawa aka ci?" In na ce tara sai ta guɗa, ta faɗa wa duk matar da ta shigo sayen turare.

Yau na yi mata bayanin ƙwarya da wake. Ta ce, "Wake? To alale za su yi da ku ko ƙosai?" Sai ta juya, "Ke fa, 'yar Fillo?" Baraka ta sunkuyar da kai ta ce takwas.

Goggo ta guɗa.

Irin guɗar tawa ce sak, ba ta rage ko kaɗan ba.

Talata, 14 ga Mayu, lokacin hutun tara

Daga baya ba a ganin allo sosai, kan Tasalla ya tare rabi. Abin da ake gani tarau shi ne ƙeyar Baraka, da iskar taga tana kaɗa mata ɗankwali.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan asuba

Na gama littafin Khadijatu. Da can ni nake karanta wa Baraka a bayyane, tana tsefe mini kai tana tambaya, "To shi wannan saurayin ba shi da gona ne? Kullum yana cikin mota?" Jiya na karanta abina a zuci, na juya mata baya. Ta ce, "Sun yi auren?" Na ce ban sani ba.

Sun yi.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Tara.

Makin Baraka ke nan. Ni kuwa Malama ta rubuta mini: "An fi na wancan makon. Amma har yanzu yarinyar cikin labarinki ba ta taɓa taka ƙasa ba. Me take ci? Wa yake aiken ta?"

Wa yake aiken ta! Jaruma ce fa, wa zai aike ta?

Ba hassada nake yi ba. Ni na koya wa Baraka inda ake sa waƙafi. Lokacin da ta zo, namiji take mayar da mace a magana, ana yi mata dariya, ni nake tare mata faɗa duk da ba na iya magana a cikin mutane. Taran nan akwai rabona a ciki, abin da nake cewa ke nan kawai.

Talata, 21 ga Mayu, bayan an tashi

Sai yau Malama Sauda ta lura. Ta tsaya tana kallon aji, ta ce, "Malam, me ya sa masu wake duk suke baya?"

Malam Mijinyawa ya ce, "Ƙa'idar aji ce, Malama, tun kafin a haifi waɗannan. Zama da maki ake yin sa."

"Ai ba don sun gaza na hana su maki ba."

"To ni na ce sun gaza? Ba ni lamba in zaunar da su. Ko a masallaci wanda ya riga zuwa shi ne a sahun gaba."

Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. Na ɗauka za ta ce a mayar da ni wurina. Sai kawai ta ce, "Shi ke nan, an riga an yi. Wannan ma abin rubutawa ne." Ta kuwa rubuta.

Da aka tashi na bi ta har gindin darbejiya. Na gaishe ta, ta amsa, na sake gaishe ta don na rasa ta inda zan fara. Da ƙyar na ce, "Malama, don Allah da a ce za ki ba ni maki, nawa za ki ba ni? Ba zan faɗa wa kowa ba."

Ta ce, "Jamilatu ko? Mai lambu." Ta san sunana! Sannan ta ce, "Ban ba ki ba, ko a zuciyata. In na ba ki lamba, lambar za ki kalla, ba za ki karanta abin da na ce ba."

Na ce to. Ina juyawa sai ta ce, "Ƙawarki Baraka tana da ido. Kuna karatu tare?"

Na ce a'a.

Tana da ido. Ni makauniya ce ke nan.

Laraba, 22 ga Mayu, da safe

Ban tada Baraka daga barci ba. Ta makara, an yi mata bulala a bakin ƙofar makaranta. Ai ba ni ce agogonta ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Lokacin tara yara suka kewaye bencin gaba, kowa tana so Baraka ta duba mata rubutu. Da wurina ake zuwa. Tasalla ta ɗaga murya ta ce, "Jamila, ashe an yi juyin mulki ba mu ji a rediyo ba?" Aka kwashe da dariya, kowa ta juyo tana kallo na.

Ni da ba na magana a aji, yau na yi.

Ba zan rubuta abin da na ce ba. A kan tagar ne, da dalilin da ya sa ya kamata wasu su zauna inda iska take shiga. An yi dariya fiye da ta farko, Tasalla har da buga benci. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, har zuwa lokacin da na ga Baraka ta kai hannun rigarta kusa da hancinta, a hankali, don kada a gani.

Ba mu dawo gida tare ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, kafin magariba

Baraka tara kuma. Ba ta faɗa wa Goggo ba, sai da Goggo ta matsa.

Asabar, 25 ga Mayu, da azahar

Baffa Jibo ya zo a kan kekensa da ƙwaryar kindirmo da man shanu, kamar yadda ya saba. Ya ce mini, "Jamila, yaya ƙanwarki, tana jin magana?" Na ce tana ji. Ya ce, "Ke ce uwarta ke ce ubanta a garin nan." Na ce to, Baffa.

Da can ni da Baraka muke rige-rigen ludayi. Yau ta ce ta ƙoshi. Man shanun ma da take shafawa a kai, ta miƙa wa Goggo ta ce a sa a miya.

Ta wanke yunifom ɗinta, ta shanya, ta sauke, ta sake wankewa.

Lahadi, 26 ga Mayu, da yamma

Ta roƙi Goggo turaren wuta ta turara kayanta. Goggo ta ce, "Oho, 'yar Fillo an fara girma, wa ya ce yana so?" Baraka ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, wai katifa zafi.

A littattafai in an yi faɗa, ɗaya takan yi rashin lafiya, ɗayar ta zo tana kuka a kanta, shi ke nan an shirya. Baraka lafiyarta ƙalau.

Talata, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Ruwan farko ya sauka ana tsakiyar darasi. Ya feso ta taga ya jiƙa mata littafi, na ce a raina madalla. Daga baya na yi istigfari. Daga baya kuma na sake cewa madalla.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan asuba

Mun haɗu a bakin rijiya. Na riƙe mata guga don ta juye, ba ta karɓa ba. Ta matso kusa da ni sosai ta ce, "Jamilatu, shinshina. Har yanzu da warin shanun?"

Jamilatu ta ce. Ba Adda ba.

 Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Juma'a, 31 ga Mayu, bayan an tashi

Takwas ta ci wannan karon. Na ɗauka zan yi murna.

Nawa kuwa: "Goggon nan da take gudu da kwanoni tana taren ruwa, na gan ta, har na ji muryarta. Ci gaba ta nan." Ni ban ma ɗauke shi insha'in kirki ba, don na gaji ne na rubuta abin da ya faru a tsakar gida. Ba fure ko ɗaya a ciki.

Ba wanda zan nuna wa. Goggo lamba take so. Baraka ce kaɗai za ta gane.

Talata, 4 ga Yuni, kafin magariba

Yau ne insha'in ƙarshe. Malama ta ce wannan kowa zai sami maki, wake da gyaɗa, don ta gwada mu a ma'auni ɗaya.  Ranar Juma'a ke nan zan koma tagata, kowa ya san gaskiya.

Na rubuta a kan shuka, yadda Baba yake sara da sungumi muna bin sa muna jefa iri muna takewa da diddige. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba.

Da za ta tafi Tasalla ta tambaye ta, "Malama, to su wa suka ci, mu ko su?" Ta ce ba gasa ba ce, kuma sai ta haɗa da na wasu makarantu a Rogo da Zoza kafin ta san abin da za ta ce. Malam Mijinyawa ya ce, "In kin gama ki aiko mana, mu ma mu san na nawa muka zo." Ta yi dariya, ta yi mana sallama. Na so in ce mata wani abu. Takalminta na kalla har ta fita.

Laraba, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Na ji Baba yana gaya wa Goggo a zaure, wai Baraka ta aika wa Baffa Jibo tana so ta koma gidan Yafendonta, ƙanwar mahaifiyarta, a bayan tasha. Baba ya tambaye ta ko an yi mata wani abu. Ta ce a'a, ɗakin ne ya yi mana kaɗan.

Goggo ta ce, "Ɗakin da kuka yi shekaru a ciki yau ya tsuke? Ke Jamila, me ya haɗa ku?"

Na ce ban sani ba. Goggo ta daɗe tana kallo na.

Juma'a, 7 ga Yuni, bayan an tashi

Baraka Jibo, tara. Jamilatu Sulle, takwas da rabi.

An auna ni.

Na koma bencin gaba, amma ba kusa da taga ba. Kafaɗata tana taɓa tata, ƙamshin turaren Goggo yana tashi daga rigarta. Har aka tashi ba wadda ta kalli wata.

Rabi. Rabin maki. Da biyu ne ko uku da na ce son kai aka yi.

Asabar, 8 ga Yuni, da hantsi

Tana haɗa kaya a akwatinta na ƙarfe, ni ina zaune a bakin katifa da littafi a hannu, ban juya shafi ko ɗaya ba. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ai kin samu abin da kike so."

Ta ajiye zanen da take ninkewa. "Me na samu?"

"Taga. Tara. Guɗar Goggo."

"Tara," ta ce. "Takwas, tara, tara, takwas, tara. Kamar mai awon hatsi. Kin san sau nawa na juya takardata ko ta rubuta mini wani abu a baya? Ke tana yi miki magana, tana tambayar ki, ta san abin da kika rubuta. Ni ban ma sani ba ko ta karanta nawa har ƙarshe. In kin fita wanka nakan buɗe jakarki in karanta abin da ta ce miki, in yi kamar da ni take."

Na ce, "Ta ce kina da ido."

"Yaushe?"

"Tuntuni. A gindin darbejiya."

"Kika riƙe?"

Na mayar da idona kan littafin da ke hannuna.

Ta rufe akwati. Ɗan Yafendo ya zo da baro ya ɗauka. Goggo ta ƙulla mata turare a leda, Baraka ta ce ta gode, ba ta bukata yanzu. Ban raka ta ba. Daga bayan labule na ga fitarta.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Katifar ta yi faɗi.

Litinin, 10 ga Yuni, bayan la'asar

Lokacin tara ta fita, ta bar takardar insha'inta a kan benci. Na ɗauka don in ga inda rabin makin nan ya ɓuya. Niyyata in sami kuskure.

A kan wata saniyarsu ta rubuta, wadda ɗanta ya mutu, aka cusa ciyawa a fatarsa aka ajiye mata don ta yarda a tatse ta. Ta ce saniyar ta sani sarai, amma takan lashe fatar duk da haka. Na karanta sau biyu. Kuskuren waƙafi ɗaya na samu, kuma bai sanyaya mini rai ba.

A ƙasa ba komai sai 9 a cikin da'ira, da fili fari fetal.

Na ari jan biron Khadijatu. Na fara da "Ya ke ƙawata abar ƙaunata, hasken idanuna," irin na littafi. Sannan na rubuta cewa na ga saniyar, na ji ƙarar madara a ƙwarya, kuma inda ta ce saniyar ta sani shi ne ya fi komai, ni ba zan iya rubuta irinsa ba. Na tambaye ta sunan saniyar, da wanda ya ɗinke fatar. Na ƙara da cewa shanu ba su da wari, bakina ne yake da shi. Na nuna mata waƙafin ma, don kada ta ɗauka ta gama iyawa.

Na mayar da takardar inda take. Ta dawo ta gani, ta karanta, ta sa a jaka. 

Talata, 11 ga Yuni, bayan an tashi

Ana tsakiyar lissafi ta turo mini takardar da gwiwar hannu, idonta yana kan allo. Ta ja layi ta soke "hasken idanuna" da fensir. A ƙasan rubutuna ta zana da'ira, ta sa 6.

A gefe, da ƙananan baƙaƙe: "Sunanta Wule. Inna ce ta ɗinke. A rage zaƙin baki, a sake gwadawa."

Shida! Ko a aji ɗaya ban taɓa cin shida ba. Na raɗa mata, "Wallahi ya fi shida." Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙa'idar aji ce." Malam Mijinyawa ya ce wa yake surutu a gaba, muka yi tsit, kafaɗarta tana rawa don dariyar da take dannewa.

Ba ta dawo gida ba. Da aka tashi hanyar tasha ta bi, ni na bi tamu. Har yanzu rabin makin nan yana ci mini rai, kuma tagar tana hannunta.

Na ce wa Khadijatu ta bar mini jan biron zuwa ƙarshen zango.